Jakin Hayar Turanci da Masu Sauke Masa Kaya

Katin asibiti da Turanci ake rubuta shi. Haka takardar da ke cikin kwalin magani, haka sammacin kotun majistare, haka takardar jarrabawa. Ita kuwa matar da ta taso daga Sakajiki da sassafe, da yaro a goye yana fama da zazzaɓi, babu abin da ya haɗa ta da Turanci. Tsakaninta da maganin ɗanta akwai wani mutum da ba a cika kula da shi ba: ma'aikaciyar jinya, ko mai miƙo magani ta taga, ko ɗan sakandaren da aka yafito daga bakin ƙofa aka ce zo ka faɗa mata abin da likita ke cewa. Tafinta ke nan, ko da ba haka aka rubuta a takardar aikinsa ba. A asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitocin MSF ta yi shekaru tana aiki, da duk inda aka turo likita ɗan hidimar ƙasa daga kudu, rabin jinya a bakin irin waɗannan mutane take.

Jama'a na zaton wuyar aikin tana wurin dogayen kalmomi, sunayen cututtukan nan masu karya harshe. Ni dai ban ga haka ba. Doguwar kalma ma'ana ɗaya gare ta, ranar da ka haddace ta ka gama da ita. A wurin ƙananan kalmomi ake gane gwani, waɗanda ɗan aji uku na firamare ma ya sani, kuma a cikinsu babu mai wahalarwa kamar "take".

A makaranta an ce mana "take" ita ce ɗauka. Gaskiya ne, in abin da ke gabanka tulu ne ko fartanya. To amma tsaya a ɗakin likita na ɗan lokaci ka saurara. Likita ya ce "take a seat", tafinta ta ce, "Inna, zamna nan." Ya ce "take his temperature", ta ce, "Bari a auna zahin jikinai." Ya ce "take some blood", ta ce, "Za a ɗebi jini ɗan kaɗan, kada ki ji tsoro." Ya ɗora wa yaro abin sauraron ƙirji ya ce "take a deep breath", ta ce, "Ja numfashi, ɗan Inna." Aka zo kan ƙwayoyi, ta ce, "Guda za shi sha da sahe, guda da marece, amma shi ci abinci tukuna." Ya ce ciwon zai "take time", ta ce, "Sai an yi haƙuri, za shi ɗan jima kahin shi warware." Ya ce a "take care" da shi, ta ce, "Ki lura da shi ƙwarai." Daga ƙarshe ya ce in jiki ya ƙi, a "take" shi zuwa Gusau, ta ce, "In ba a ga sauƙi ba, a kai shi Gusau." Sau takwas likita ya maimaita kalma ɗaya, ita kuwa ta kawo aikatau takwas daban-daban: zauna, auna, ɗiba, ja, sha, jima, lura, kai. Ko sau ɗaya ɗauka ba ta fito daga bakinta ba, kuma ba ta tsaya tunani ba. Da za ka tambaye ta yadda ta yi, dariya za ta yi maka ta ce ai haka ake cewa.

"Haka ake cewa" ɗin nan shi ne dukan ilimin. Masana harshe sun daɗe suna kewaya shi. Otto Jespersen, mutumin Denmark da ya ƙarar da rayuwarsa kan nahawun Turanci, ya kira "take" da 'yan'uwanta irin su "make" da "have" da "give" aikatau marasa nauyi, saboda in suka haɗu da wani suna, ma'anar ba a jikinsu take ba, tana jikin sunan. Jakin haya ne: yau ya ɗauko gero, gobe taki, jibi itace, kuma wanda ya tare shi a hanya yana son sanin abin da aka kawo, mangala zai duba. Babban ƙamus na Oxford ya jera wa wannan kalma ma'anoni fiye da 300. Abin dariya kuma, ita kanta baƙuwa ce a Turanci. Daga bakin mutanen arewacin Turai da suka riƙa kai hari Ingila ta jiragen ruwa ta shigo, wajen shekara dubu da ta wuce, ta kori kalmar gida da ta tarar, "niman", ta gaje wurinta.

Gwanintar tafinta daga haƙuri take farawa. Turanci da Hausa duk aikatau suke fara kawowa kafin sunan da aikin ya faɗa wa, don haka sabon shiga da ya ji "take" sai bakinsa ya riga shi, ya ce ɗauki, sannan ya tsaya yana neman yadda zai gyara. Gwani kuwa yakan danne harshensa na rabin numfashi har sunan ya iso. Da ya iso, ba ya tambayar kansa mece ce fassarar kalmar. Abin da yake yi shi ne ya hango aikin da idon zuci: hannu ne ya miƙa, ko baki ne ya buɗe, ko ƙafa ce ta taka? Abu ɗaya ne, ko da yawa? Duka aka tafi da shi, ko an rage? An bayar ne da daɗin rai, ko da ƙarfi aka raba mai shi da shi? Turanci bai damu da waɗannan tambayoyi ba, Hausa kuwa ba ta yarda ka buɗe baki sai ka amsa su. Dami ɗaya ɗaukarsa ake yi. Dammunan da ke gona duka kwashe su ake yi. Gero a rumbu ɗibarsa ake yi. Abin da aka miƙo maka karɓa ka yi, ko amsa, yadda Zamfarawa ke cewa. Abin da ka fizge ƙwace ne. Mota shiga ake yi, babur da doki hawa ake yi. Jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, wanda ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga, Bature ya ce ya "take" shi, mutumin Ƙaura ya ce ya shiga shi, kuma da ka ce masa ka ɗauki jirgi sai ya dube ka sama da ƙasa ya ga ko kai ne Sarkin Ƙarfi.

Sai kuma sanin wanda ake magana da shi. Takardar magani umurni take bayarwa kai tsaye, ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Tafintan kirki ba zai dubi dattijo mai furfura ya ce masa sha wannan ba. Cewa zai yi, "Baba, a daure a riƙa shan wanga bayan sallar asuba, wanga kuma bayan isha'i." Ya sauya kai zuwa a, ya mai da ƙarfe shida da ƙarfe takwas lokutan salla, ya saka daurewa inda takarda ba ta saka ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin Turancin, kuma babu ɗaya da ya saɓa masa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin da "take" ta yi kiciɓis da manyan aikatau biyu na Hausa, ci da sha. Domin mu ma muna da namu masu yawon, har sun fi na Bature nisan zango. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, kuma da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako a 2021 saboda matsalar tsaro, abin da mutane suka ce shi ne kasuwa ta daina ci. Gulbin Gagare in ya kawo yakan ci mutum. Wuta tana cin rumbu, wuƙa tana ci, fitila tana ci, buhu yana cin tiya kaza, riga tana cin yadi kaza, gini yana cin kuɗi. Ana cin riba, ana cin bashi, ana cin sarauta, ana cin zaɓe, ana cin jarrabawa, ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin zarafi, ana cin fuska, ana cin hanci, ana cin mutum tara. A 1808 aka ci Alƙalawa, birnin Gobir, kuma Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin jagororin rundunar da ta ci ta. Littattafan tarihi na Turanci "take" suke sa wa wannan aiki. A ɗaya gefen kuma ana shan wuya, ana shan rana, ana shan kashi, ana shan kaye, ana shan ɗauri, ana shan suka, ana shan mamaki, ana shan iska, ana shan inuwa, ana shan hantsi. Mai azumi yana shan ruwa ko da dabino ya fara. Wanda ya ɓata rai ya sha kunu, wanda ya tsargu ya sha jinin jikinsa, sabon gwamna ya sha rantsuwa. Rake da mangwaro da kankana sha ake yi, ga su kuwa da tauna, goro kuma ci ake yi.

Wani Bafaranshe mai suna Claude Gouffé ya yi rubutu kan waɗannan kalmomi biyu tun 1966. Daga baya Philip Jaggar na makarantar SOAS da ke Landan da Malami Buba, ɗan Sakkwato, suka sake bin diddiginsu a wani littafi da ya fito a 2009 kan ci da sha a harsunan duniya. Abin da suka gano, in an taƙaita, shi ne ci yana tafiya da rinjaye, wato mai ci shi ne ya fi ƙarfin abin, sha kuwa yana tafiya da abin da ya auka wa mutum, ya shige shi ba tare da ya iya tsayar da shi ba. Hujjar a jiki take. Ci yana buƙatar haƙori, ka kama, ka tauna, ka farfasa. Sha kuwa buɗe baki ne kawai, abu ya gangara. Shi ya sa a zaɓe ɗaya wani ya ci, wani ya sha kaye. Ƙa'idar tana da nisan tafiya, ko da yake ba ko'ina take kaiwa ba: wanda ya ci duka ba shi ya yi rinjaye ba, wanda ya sha gaban abokinsa ko ya shawo kan rigima kuma ba shi aka fi ƙarfi ba, amarya kuwa ko ka ce ta ci ado ko ka ce ta sha ado, babu mai gyara maka.

Yanzu dubi matsalar tafinta. "Take" ba ta rarrabe tsakanin mai rinjaye da wanda aka rinjaya. Da ita ake cin gari, da ita ake shan duka. Da ita ake cin kofi, da ita ake shan zagi. Da ita ake cin hanci, da ita ake shan magani. Bature ya furta ta ya wuce, bai ce komai ba game da wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Tafinta kuwa dole ya yanke wannan hukunci kafin ya furta kalma ɗaya, kuma a cikin ƙiftawar ido. Wannan shi ne abin da nake yaba wa, kuma ban san wata jarrabawa da ke auna shi ba sai kunnen jama'a. Kunnen jama'ar wannan yanki kuwa ba na wasa ba ne. Ƙasar da ta saurari Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ta kuma saurari Kassu Zurmi yana zuga 'yan tauri da mafarauta, ba ta barin kalma ta zauna inda ba wurinta ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba, in ka ce mata ta ɗauki magani sau uku a rana, za ta gane nufinka, amma za ta san daga ina ka fito.

A asibiti kuskure yana iya tsayawa a dariya. A kotu yana iya kai mutum gidan yari. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a ba shi tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'a da shi, kuma a kotunan majistare da babbar kotu Turanci ne harshen rubutu. Mai gabatar da ƙara ya ce wanda ake tuhuma "took the money". Kalmomi uku, babu laifi a cikinsu, babu wankewa. Amma tafinta yana da hanyoyi da yawa a gabansa, kuma kowace da inda take ɓullewa. In ya ce ya karɓi kuɗin, to miƙa masa aka yi. In ya ce ya ɗauki kuɗin, a ajiye ya same su. In ya ce ya ɗibi kuɗin, ya rage saura. In ya ce ya ƙwace, an shiga babin fashi. In ya ce ya ci kuɗin, an gama shari'a, amana ce aka ba shi ya ha'inta. Sai a tambayi mutum, ka yarda ko ba ka yarda ba? Ya ce na yarda, yana nufin ya karɓa, a rubuta ya amsa laifi. Tafintan da ya san aikinsa a nan yake tsayawa ya ce, "Ya mai shari'a, ina neman a fayyace, karɓa ake nufi ko sata?" Wasu na ganin wannan tambaya gazawa ce. A wurina ita ce alamar wanda ya ƙware.

Haka in maganar ta juyo daga Hausa. Manomi ya zo ƙara ya ce maƙwabcinsa ya ci masa iyaka. Wani ya ce an ci amanarsa, wata ta ce an ci mutuncinta a gaban kishiya. Ci uku, kuma kowanne da kalmarsa daban a Turanci, da sashensa daban a littafin doka.

'Yan jarida su ne tafintocin da suka fi kowa yawan masu sauraro, kuma su ne suka fi barin sawu a harshen. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma kafin shekarar ta ƙare yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, labaransa suka riƙa zuwa da Turanci ana mai da su Hausa. An san Imam da Hausar da ba ta warin fassara. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga Rediyon Kaduna da ke shiga kowane lungu na Zamfara. A waɗannan ɗakunan labarai an yi aikin gwaninta mai yawa da ba a san masu shi ba. Wanda ya fara tsayawa kan yanke shawara a madadin "take a decision" ya kyauta, domin shawara a Hausa yanke ta ake yi. Haka karɓar mulki ga wanda aka zaɓa, da ƙwace mulki ga soja, inda Turanci ke iya amfani da kalma ɗaya ga duka biyun. Haka auku da gudana a madadin "take place", wadda in aka bi ta kalma da kalma sai a ce taro ya ɗauki wuri, a bar mai sauraro yana tambayar ina ya kai shi.

Amma agogon ɗakin labarai ba ya jira, kuma gaggawa ta shigo da nata 'ya'yan. Ɗaukar mataki ƙanshin ɗakin labarai gare ta, ga shi yau ta zauna daram, har hakimi yana faɗinta a fada. Ban da rigima da ita, ta biya kuɗin zama. Wadda ke sosa mini kunne ita ce ɗaukar da ake cusawa inda Hausa ke da kalmarta tsaf: a ce aiki zai ɗauki kwana uku alhali zai ci kwana uku ko zai kwana uku, a ce ɗauki misali alhali ga misali, a ce ɗauki kujera ga baƙon da ake so ya zauna. Sai kuma ɗaukar wanka, wadda samari suka mai da tasu. A bakinsu ba ta da alaƙa da soso da sabulu. Wanda ya ɗau wanka shi ne wanda ya caɓa ado ya fito ana kallonsa. Tafintan da ya gaya wa majinyaci ya ɗauki wanka kafin a shiga da shi tiyata, ya aike shi neman shadda da hula ke nan.

Masu shuka wannan gwaninta tun daga tushe su ne malaman Turanci na sakandare, kuma a cikinsu akwai masu wata dabara da na fi so. Yaro ya rubuta cewa ya "drink" magani, ko kasuwa tana "eat" yau. Malamin da bai san aikinsa ba jan biro zai zuba, ya ƙara da bulala, yaro ya tashi da imanin cewa Turanci harshen mahaukata ne marar ƙa'ida. Gwanin malami kuwa sai ya ajiye Turancin gefe. Ya raba allo biyu, ya rubuta ci a sama, ya ce kowa ya kawo abin da ake ci wanda ba abinci ba. Aji ya kaure: bashi, amana, zaɓe, riba, gaba, baya, karo, tura. Kafin a ankara allo ya cika, har na bayan aji da ba su taɓa ɗaga hannu ba sun yi magana. Sannan ya tambaye su, in Bature ya zo koyon Hausa ya ce ya sha bashi ya ci iska, me za ku ce masa? Su ce ba haka ake cewa ba. Ya ce me ya sa? Su yi shiru. Ya ce to haka "take" take a gidansu. Daga ranar ya hana su rubuta aikatau shi kaɗai a littafin kalmomi, sai tare da sunan da ya saba tafiya da shi, a haddace su a haɗe.

Wannan dabara tana da tarihi. Harold Palmer, Baturen Ingila da ya koyar da Turanci a Japan, ya fitar da wani rahoto a Tokyo a 1933 inda ya nuna cewa irin waɗannan kalmomi masu tafiya tare dole a koye su a dunƙule, domin ba a iya gano su ta hanyar haɗa ma'anar ɗaya da ɗaya. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ɗora a kan wannan ya tsara ƙamus na masu koyo, wanda daga baya ya zama ƙamus ɗin Oxford ɗin nan da ɗalibai ke rungume da shi daga sakandare har kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983. A ɓangaren Hausa kuma, wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya duba ci, zai ga yadda kalma mai harafi biyu ta ci wuri. Na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ke tafiya daga Turanci zuwa Hausa, shi ma a kan wannan hanya aka gina shi: ba ya ba ka kalma ɗaya ya sallame ka, sai ya nuna maka wadda ta dace da kowane muhalli.

Malamin kirki yana kuma gaya wa yara gaskiya game da Turancin Nijeriya. A titi ana cewa an "take light" in an ɗauke wuta, ana cewa mace ta "take in" in ta ɗauki ciki, ana tambayar mutum ko ya "take" abincinsa. A Turancin buroka ana "chop" kuɗi, wanda cin kuɗin nan namu ne sak. Waɗannan ba zunubi ba ne, harshe ne ya zauna a ƙasa ya ɗauki ɗabi'ar masu ita. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO ba da kunnen titi yake dubawa ba, kuma yaron da ya san wace magana ce ta kasuwa, wace ce ta zauren jarrabawa, ya fi wanda aka hana shi ɗaya daga ciki.

A shekarun nan wani aiki mai nauyi ya ƙaru a kan tafintocin wannan yanki. Sakajiki na cikin garuruwan da 'yan bindiga suka auka wa, har da harin Oktoban 2021, lokacin da layukan waya ke rufe a jihar Zamfara, kuma daga Zurmi zuwa Shinkafi da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da nasa labarin. 'Yan jarida da ma'aikatan agaji suna zuwa da tambayoyinsu da Turanci, rahoto kuma da Turanci yake fita, a ce an "take" mutane, an "take" shanu, an "take" abinci. Mutanen da abin ya shafa ba haka suke ba da labari ba. Sun ce an ɗauki wane, in shi kaɗai aka zo nema har ɗakinsa. Sun ce an kwashi mata da yara, in ba a zaɓa ba. Shanu kore su aka yi, rumbu fasa shi aka yi aka ɗebe ko aka kwashe, babur amshe shi aka yi a hanya, kuɗin fansa kai su aka yi. Kowace kalma tana ɗauke da bayanin yadda abin ya faru, da yawan waɗanda ya shafa, da ko akwai wanda ya nuna gida. Tafintan da ya tattara su duka ya zuba cikin "take" ya zubar da rabin shaida. Nagari yakan ƙara jimla guda don ya tsare bambancin, ko da mai tambaya yana duban agogo.

Sababbin abubuwa kuma kullum shigowa suke yi, kuma babu kwamitin da ke zama ya raba musu aikatau. Mota da ta zo, aka ce tana shan mai. Waya ta zo, aka ce tana cin kuɗi, tana shan caji. Hoto ɗaukarsa ake yi, nan Hausa da Turanci suka yi daidai ba tare da shawara ba. In kana son ganin tafinta na ban mamaki kyauta, shiga gidan kallon ƙwallo a Ƙaura ranar da Arsenal ke wasa da Chelsea. Mai sharhi yana zuba Turanci da gudu, wani yaro a kan benci yana mayar wa na kusa da shi. Aka ce za a "take" kwana, ya ce za su bugo kwana. Aka ce "take the lead", ya ce sun shiga gaba. Aka ce ɗan wasa ya "take a knock", ya ce ya bugu. Aka ce kociya zai "take him off", ya ce za a cire shi. Da aka tashi, magoya bayan wannan gefe suka fito suna cewa mun ci, na wancan gefe suna cewa alƙalin wasa ne ya ci amanarsu, masu tsokana kuma suna bin su har bakin titi suna tambayarsu kashi nawa suka sha.